TSOHON ZAURENMU DA GIDAN GONAR JAMUS: TARIHIN ZANGO A JIKIN BANGO

 Wata 'yar magana ce ta taso a gidanmu, muka ga ya kamata mu kawo ta gaban jama'a, domin mun tabbata ba gidanmu kaɗai ta shafa ba.

Bayan sallar layya muka yi taron dangi kamar yadda muka saba. Ana cikin hira sai samarin gidan suka kawo shawara, wai a rushe tsohon zauren da ke bakin hanya, a gina shaguna uku na bulo a ba da haya. Suka yi lissafi tsaf, kuma mu 'yan kasuwa ne, mun san lissafinsu bai faɗi ba. Babban ɗan yayanmu ya ce, "Baba, wannan zaure fa ba ya kawo ko sisi, kullum damina sai an kashe masa kuɗin yaɓe. Mene ne amfaninsa?" Muka yi shiru, domin a wannan lokaci ba mu da amsar da za ta shiga kunnen yaro. Sai bayan kwana biyu amsar ta zo mana, daga inda ba mu zata ba.

GIDAN DA KE JIKIN KALANDA

Akwai wani ɗan garin nan da ke zuwa Jamus sayo tsofaffin motoci. Ya taɓa kawo mana tsarabar kalanda, muka rataye a shago, shekara ta wuce ba mu cire ba saboda kyan hotunan. A ciki akwai hoton wani ƙaton gidan katako, rufinsa ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa. Da muka tambaye shi, sai ya ce ai gidan manomi ne, a wani ƙauye da ake kira Gutach, cikin yankin duwatsu da kurmi da suke ce wa Baƙin Daji, a kudu maso yammacin ƙasar. Sunan gidan Vogtsbauernhof, suna mai karya harshe. An gina shi a shekarar 1612, kuma yana nan a inda aka kafa shi.

Mai gida da iyalinsa da shanunsa duk rufi ɗaya suke kwana. Ciyawar dabbobi tana sama, madafi kuwa ba shi da bututun hayaƙi, saboda haka hayaƙin ya bi katakon ya mai da shi baƙi ƙirin, ya kuma hana ƙwari cinsa. A shekarar 1964 aka mai da wurin gidan tarihi, har aka riƙa kwance waɗansu tsofaffin gidajen manoma daga ƙauyuka, ana kawo su ana sake haɗawa kusa da shi. Al'adar manoman ƙasar da yawa ce kuma, idan mutum ya gina gida, ya sassaƙa sunansa da na matarsa da shekarar gini a jikin katakon da ke bisa ƙofa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wannan. Shekara shida da gina gidan, wato a 1618, yaƙi ya ɓarke a ƙasashen Jamus, wanda tushensa rikicin ɗarikun addinin Kirista ne haɗe da neman mulki. Aka yi shekara 30 ana yi, sai 1648 aka zauna aka yi sulhu. Waɗansu yankuna sun rasa kashi ɗaya cikin uku na mutanensu, waɗansu fiye da haka. To, jikokin waɗanda suka kashe juna ne yau suke kai 'ya'yansu kallon wannan gida, ana gaya musu yadda kakanni suka yi noma, da yadda suka yi ɓarna. Muka ce ashe! Su ma sun ga abin da muka gani, amma ba su rushe shaidarsu ba. Nan muka juyo muka dubi namu zauren da sabon ido.

ME YA KAWO ZANGO NAN?

Sunan garin kansa tarihi ne. Zango shi ne inda ayari yake yada kaya ya huta. Hanyar fatake ce ta taso daga Kano da Zariya ta gangaro kudu zuwa Keffi da Nasarawa har bakin Binuwai, wata kuma ta ɓullo daga wajen Bauci ta haɗu da ita a wannan ƙasa. Duk wanda ya san tafiyar jaki ya san dole a sami wurin da ke da ruwa da ciyawa da hatsin saye, kuma mutanen wurin su yarda ka kwana lafiya. Dattawanmu suna danganta kafuwar garin da wani mutum mai suna Mele. Maƙwabtanmu Katafawa, waɗanda suke kiran kansu Atyap, suna kiran wurin Mabatado, suna kuma cewa kakanninsu ne suka ba shi wurin zama. A kan shekarar ma an sha bamban, waɗansu na kai ta wajen 1650, waɗansu 1750. Kowa da abin da ya ji a bakin kakansa. Ga illar rashin rubutu ke nan, kuma mun ga inda wannan gardama ta kai mu.

Abin da aka rubuta kuwa, baƙi ne suka rubuta. A shekarar 1827, bayan Bature Clapperton ya rasu a Sakkwato, yaronsa Richard Lander ya taso daga Kano ya nufo kudu yana neman Kwara. Ya sauka a ƙasar Katab, ya ba da labarin ya tarar da ƙananan ƙauyuka wajen ɗari biyar kusa da juna, da ciniki mai ƙarfi na shanu da bayi. Ya wuce har Daroro, inda mahayan Sarkin Zazzau suka cim masa suka komo da shi. Bayan shekara 40, a farkon 1867, wani Bajamushe mai suna Gerhard Rohlfs ya taso daga Bauci ya ratsa wannan yanki zuwa Keffi, ya gangara Binuwai. Kun ga ke nan tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, Jamusawa suna karanta labarin hanyar da ta bi ta ƙofar gidanmu, mu kuwa ba mu ajiye ko warƙa ɗaya ba.

YADDA AKA GINA ZAUREN

Kakan mahaifinmu ne ya gina shi. Fatoma ne, wato mai saukar da fatake. Ba a rubuta shekarar ba, sai dai kakarmu takan ce an yi shi kafin jirgin ƙasa ya zo Kafanchan. Haka tsofaffinmu suke ƙidaya: shekarar fara, shekarar da Sarauniya ta zo, shekarar da aka canza kuɗi. Zaure ne mai ƙofa biyu, bangonsa na tubali da jar ƙasa, kaurinsa ya kai kamu biyu daga ƙasa. An yi masa yaɓen makuba, daɓe kuma mata suka yi shi da waƙa. Da yake ruwan saman nan ya fi na Kano yawa, ba a bar shi soro tsirara ba, jinka aka ɗora masa. A jikin bango akwai alkuki inda ake ajiye fitilar aci-balbal, ga dakali a waje, bayansa kuma turakun jakuna da rumbuna huɗu.

To, wa ya kawo azarar? Wa ya yanko ciyawar jinka? Kakarmu ba ta ɓoye mana ba. Abokin cinikin mai gidan ne, wani dattijon Bakatafe daga ƙauyen da ke hayin rafi, ya zo da 'ya'yansa suka sare giginya suka faskara, suka ɗauko a ka. Shi kuma duk lokacin da ayari ya sauka, ana ware masa gishiri da kanwa da turmin baƙi, ba a sa shi cikin ciniki. Idan ya kawo zuma ko acca ko akuya kasuwa, a zauren nan yake ajiyewa, a nan yake shan fura, in dare ya yi masa ya kwana. Kakanninmu suna jin Katafanci, su ma suna jin Hausa. Wannan abota ta bi jini har zuwa kan mahaifinmu da jikan wancan dattijo.

A zauren nan madugu yake zama a yi lissafin kuɗin masauki da la'ada. Daga arewa ana kawo kanwa, tufafin Kano, jan fata, dawaki da shanu. Daga kudu gishirin Awe da Keana yake hawowa, da manja. Mutanen ƙasa kuma suna kawo dawa, dauro, acca, doya, gwaza, zuma da kalwa. Kuɗin zamanin wuri ne, ana ƙirga shi a ƙasa, sai da Turawa suka zo aka koma sule da kwabo da anini. Da asuba zauren makarantar allo ne, da hantsi kasuwa, da la'asar majalisa, da dare masaukin baƙo. A nan ake ɗaurin aure, a nan ake raɗin suna, a nan ake ajiye makara kafin a yi salla. Ashe ɗaki ɗaya ya ɗauki rayuwar gari gaba ɗaya.

ABIN DA BA MU SON FAƊA

Malamanmu na Islamiyya sun koya mana cewa mai ba da shaida ba ya faɗin rabi ya haɗiye rabi. Saboda haka dole mu faɗi ɗaya gefen. Hanyar da ta kawo gishiri ita ce ta tafi da mutane. Wannan ƙasa tana cikin inda Zazzau take karɓar gandu a ƙarni na 19, kuma cikin gandun akwai bayi. Idan wani ƙauye ya ƙi, sai a kai masa hari. A zamanin Sarkin Zazzau Kwasau, daga 1897 zuwa 1902, an kai wa ƙasar Katab farmaki mai tsanani, kuma har gobe Atyap suna tunawa da jaruminsu Marok Gandu wanda aka kama aka kashe a wannan zamani. Mu a gidanmu ba a ba mu labarinsa ba. Su kuwa a gidajensu da shi ake renon yara.

Turawa suka ci Zariya a 1902. Dokar Lugga ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ba bawa ba, amma sai 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Arewa. Sai dai Turawan sun bar mulkin gundumar a hannun hakiman da ake turowa daga Zariya, mazauninsu kuwa Zango. Nan ake kawo haraji, nan alƙali yake, nan ake tara mutanen aikin tilas na hanya. Talakan Zango bai ci komai a ciki ba, shi ma haraji yake biya, shi ma dogari yana korarsa. Amma ga mutumin ƙauye, duk wahalar daga Zango take fitowa, da harshen Hausa kuma take zuwa. A 1946 Katafawa suka yi bore a kan haraji da aikin tilas da mulkin En'e. Sai a 1967 aka naɗa ɗan ƙasa, Bala Dauke Gora, hakimin Zangon Katab.

Ba mun kawo wannan don mu ɗora wa kanmu laifin da ba mu yi ba ne. Mun kawo shi ne don yaranmu su gane cewa idan maƙwabci ya yi fushi, fushin yana da saiwa, ko da ba kai ka shuka ba. Wanda bai san saiwar ba, kullum sai ya riƙa sarar ganye.

DA JIRGI YA ZO, AYARI YA WATSE

A wajen 1927 layin dogo daga Fatakwal da Inugu ya haɗe da Kaduna ta Kafanchan, aka kuma ja reshe zuwa Jos saboda kuza. Layin bai bi ta Zango ba, ta Zonkwa ya bi. Kayan da jaki yake kai wa Keffi cikin makonni, sai ga wagunu yana wucewa da ninkinsa cikin kwana ɗaya. Kafanchan da ba kowa ya san ta ba ta zama babbar mahaɗa, ta cika da ma'aikatan reluwe, Ibo da Yarbawa da Hausawa, har Sarkin Jama'a ya taso da fadarsa ya dawo can a 1933. 'Yan mishan suka kafa makarantu da asibitoci a Kagoro da Zonkwa da kewaye, 'ya'yan maƙwabtanmu suka shiga boko gadan-gadan, mu kuwa iyayenmu suna ɗari-ɗari da ita. Wannan ma ya canza ma'auni tsakaninmu, ba mu farga ba sai da aka daɗe.

Zaurenmu ya ga wannan canji. Turakun jakuna suka zama wurin ɗaure shanun noma. Kakanmu ya bar saukar da fatake ya koma noma da sayen hatsi, yana tarawa a rumbu har bazara. Daga baya citta ta shigo, wadda ƙasar Jaba da Kaciya suka yi suna da ita, zauren ya zama ma'ajiyar buhuna da sikeli. Shekarar samun mulkin kai, 1960, aka sauke jinka aka buga kwano. Shekarar da naira ta maye gurbin fam, 1973, mahaifinmu ya yi wa gindin bangon siminti. Kowane gyara da shekararsa, kamar shafukan littafi, in akwai mai iya karantawa.

BAƘIN DA KE JIKIN BANGO

Duk wanda ya shiga zauren zai ga bangon gabas baƙi ne daga sama har tsakiya. Wannan ba hayaƙin girki ba ne irin na gidan Jamus. Ranar Alhamis 6 ga Fabrairu 1992 rikici ya tashi a kan mayar da kasuwar Zango sabon wuri, shawarar da ƙaramar hukuma ta yanke daga Zonkwa. Kafin kwamitin Mai Shari'a Rahila Cudjoe ya gama aikinsa, sai ga na biyu ranar Juma'a 15 ga Mayu, wanda ya fi na farko muni nesa ba kusa ba. Aka ƙone garin, ɗaruruwan mutane suka halaka, wutar kuma ta tsallaka Kaduna da Zariya, inda waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka rasa rayukansu. Babu gidan Zango da bai yi makoki ba. Mu muna samari a lokacin, abin da idonmu ya gani ba na rubutawa a mujalla ba ne. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rigaye mu.

Shugaba Babangida ya zo ya ga garin, gwamnati ta yi alkawarin sake gini. Kotun musamman ta Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya da waɗansu hukuncin kisa a 1993, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Mu muka ga an yi sassauci, su suka ga an yi zalunci, kowa ya koma gida da nasa ciwon. A 1995 aka ƙirƙiro masarautar Atyap, aka naɗa Bala Dauke Gora sarki na farko. Bayan nan an sake shiga tashin hankali a Zonkwa da Kafanchan bayan zaɓen 2011, an kuma yi na gonaki a 2020, wanda ya sa Agwatyap Dominic Gambo Yahaya ya tara Atyap da Fulani da Hausawa a Unguwar Wakili cikin watan Agusta aka yi zaman sulhu.

Da muka dawo bayan gudun hijira, kwanon zauren ya narke ya lanƙwashe, rumbuna sun zama toka, amma bangon yana tsaye, kuma azarar da ke bisa ƙofa ta ci wuta rabi ta tsaya. Wata ranar kasuwa, bayan ƙura ta lafa, sai ga jikan dattijon nan na hayin rafi, shi ma ya tsufa. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, ya ɗaga kai ya dubi azarar, ya ce wa mahaifinmu, "Alhaji, itacen kakana bai faɗi ba." Mahaifinmu ya ce, "Bai faɗi ba, shigo ka zauna." Ba su ƙara cewa komai ba, suka zauna a kan buzu ɗaya har la'asar.

ABIN DA MUKE ROƘO

To, ga amsar da muka ba ɗanmu. Zauren nan shaida ne. Yana shaida cewa mun daɗe a nan, ba jiya muka sauka daga mota ba. Yana kuma shaida cewa ba mu kaɗai muka gina shi ba. Duk wanda ya ce mu baƙi ne, bangon ya ƙaryata shi. Duk wanda ya ce ba mu da bukatar maƙwabci, azarar ta ƙaryata shi. Shago uku ba za su iya faɗin wannan ba. Mun daidaita da samarin: za a gina shago biyu a gefe inda turakun jakuna suke a da, a riƙa cire kuɗin yaɓe daga hayarsu, zaure kuwa ya zauna. Baƙin bangon ma ba za a shafe shi da fenti ba.

Muna roƙon ƙungiya da masu unguwanni abu uku. Na farko, kowane gida ya sa yaro mai ilmi ya zauna da tsofaffin da suka rage, maza da mata, ya ɗauki maganarsu a waya, ya kuma rubuta a littafi, da boko ko da ajami: wa ya gina gidan, daga ina ya zo, me yake sayarwa, wane ne abokin cinikinsa a ƙauye. Tsohuwa ɗaya in ta rasu, an rufe rumbun labari ke nan. Na biyu, a ƙirga tsofaffin zauruka da rijiyoyi da kufan rumbuna da suka tsira, a ɗauki hotonsu kafin bulo ya cinye su. Na uku, wanda ya fi wuya, a je ƙauyuka a ji nasu labarin yadda yake a bakinsu, a rubuta shi kusa da namu, ko da bai yi mana daɗi ba. Tarihin da aka ji daga baki ɗaya, shi ne yake zama makami a hannun yaro.

Mu dai mun riga mun yi magana da masassaƙi. Zai yi mana allon katako a kafa ƙarƙashin tsohuwar azarar, a rubuta sunan wanda ya gina zauren, da sunan wanda ya kawo itacen, a jere. Abin da Bajamushe ya yi tun shekara 400 da suka wuce, ba mu makara ba in mun fara yau, domin Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ji ƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya, amin.